Filin da kowa ke iya haƙar lu'u-lu'u a Amurka

A kudu maso yammacin jihar Arkansas ta Amurka, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Murfreesboro, akwai wani fili da hukuma ke sa tarakta ta yi masa huɗa a kai a kai, amma ko ƙwayar hatsi ɗaya ba a shukawa a cikinsa.

Kusan kowace safiya mutane kan yi layi a ƙofar filin, riƙe da shebur da bokiti da rariya. Sukan biya 'yan daloli kuɗin shiga, su bazu cikin kunyoyi, wasu a tsaye, wasu a durƙushe, wasu kuma zaune dirshan a cikin laka.

Abin da suke nema shi ne lu'u-lu'u. Kuma dokar wurin a taƙaice take: duk abin da mutum ya tsinta nasa ne, komai girmansa, komai tsadarsa.

Sunan wurin Crater of Diamonds, wato Ramin Lu'u-lu'u, kuma gandun shaƙatawa ne mallakar gwamnatin jihar. Filin da ake nema a cikinsa ya kai eka 37 da rabi, kimanin hekta 15, kuma yana zaune ne a kan bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Hukumar gandun ta ce daga shekarar 1972 zuwa yanzu maziyarta sun tsinci lu'u-lu'u fiye da 35,000 a nan.

A sauran sassan duniya, daga Botswana zuwa Rasha, mahaƙar lu'u-lu'u wuri ne na shingen waya da masu gadi, inda ake binciken ma'aikaci kafin ya fita. To me ya sa wata gwamnati za ta buɗe tata ga duk wanda ya zo? Amsar tana cikin yanayin dutsen kansa, da kuma tarihin kamfanonin da suka shafe shekaru fiye da 60 suna zuba kuɗi a wurin ba tare da sun ga riba ba.

Dutsen da ba a gani

Wanda ya je wurin da tsammanin ganin tsauni mai hayaƙi zai yi mamaki. Babu tsauni, babu rami mai zurfi. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa ta ɗan yi kore-kore, itatuwa sun kewaye shi.

Masana ilimin duwatsu sun ce aman wutar ya faru ne kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce. Amma lu'u-lu'un ya girmi dutsen da ya kawo shi nesa ba kusa ba, domin an ƙiyasta cewa wasu daga cikinsu sun kai shekaru biliyan 3.

Asalin lu'u-lu'u sinadarin kabon ne, wato sinadarin da ke cikin gawayi. Abin da ya bambanta su shi ne yadda ƙwayoyin sinadarin suka jeru. Kafin su yi irin jerin da ke ba da lu'u-lu'u, sai an sami matsi mai tsananin gaske da zafin da ya kai wajen digiri 1,000 ko fiye. Ana samun wannan yanayi ne a can cikin ƙasa, a zurfin da ya kai kilomita 150 ko ya zarce, inda babu na'urar haƙa da ta taɓa kusanta. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa, wanda Tarayyar Sobiyet ta yi a yankin Kola, bai wuce kilomita 12 da 'yan kai ba.

Saboda haka babu mai iya zuwa inda lu'u-lu'u yake. Sai dai a jira abin da zai ɗauko shi.

Abin da ke ɗauko shi wani irin narkakken dutse ne mai cike da iskar gas, wanda kan taso daga wannan zurfi ya tsaga ƙasa da gudu. Gudun yana da muhimmanci ƙwarai. Idan narkakken dutsen ya yi nawa a hanya, matsi ya ragu alhali zafi na nan, lu'u-lu'un kan rikiɗe ya koma baƙin abin nan mai laushi da ke cikin fensir. Masana na ganin cewa tafiyar ba ta wuce sa'o'i ko 'yan kwanaki ba.

Da narkakken dutsen ya kusanci doron ƙasa, sai gas ɗin ya kumbura ya fashe, ya bar rami mai siffar mazurari, faɗi a sama, tsukakke a ƙasa. Yawancin abin da fashewar ta watsa sama ya sake faɗowa cikin ramin ya cike shi, tare da lu'u-lu'un da ke ciki.

Galibin mahaƙun lu'u-lu'u na duniya suna cikin wani dutse ne da ake kira kimbalayit, wanda ya samo sunansa daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu. Na Arkansas ɗan uwansa ne da ake kira lamfurayit. Irinsa ne aka haƙa a mahaƙar Argyle ta Ostireliya, wadda ta yi suna wajen lu'u-lu'u mai ruwan hoda kafin a rufe ta a shekarar 2020.

Daga nan sai ruwan sama da iska suka kama aikinsu. Cikin miliyoyin shekaru sun zaizaye saman ramin, suka kwashe gomman mitoci na dutsen, wanda dama mai saurin rududdugewa ne. Ƙasa mara nauyi ta bi ruwa ta tafi. Lu'u-lu'u kuwa, da yake yana da nauyi, kuma babu abin da ya kai shi tauri a cikin ma'adinai, sai ya zauna inda yake. Da haka lu'u-lu'un da a da yake warwatse a cikin dutse mai kaurin gaske ya taru a 'yar ƙasar da ke sama.

Wannan taruwa ita ce ta yaudari masu zuba jari daga baya.

Manomin da ya tsinci duwatsu biyu

Tun a shekarar 1889 babban masanin duwatsu na jihar, John Branner, ya duba wurin, saboda ya lura cewa ƙasar ta yi kama da ta Kimberley. Ya bincika, bai sami komai ba.

Sai a watan Agustan 1906 wani manomi mai suna John Huddleston, wanda ya sayi gona a wurin, ya tsinci wasu duwatsu biyu masu ƙyalli waɗanda ba su yi kama da farar ƙanƙarar da ya saba gani ba. Labarin da ake bayarwa a garin shi ne, da ya kai su banki, wani ma'aikaci ya taya su rabin dala, shi kuwa ya ce albarka.

An aika da duwatsun wurin wani mai sayar da kayan ado a Little Rock, babban birnin jihar, daga can kuma zuwa New York, inda George Kunz, masanin duwatsu masu daraja na kamfanin Tiffany, ya tabbatar da cewa lu'u-lu'u ne na gaske.

Kafin shekarar ta ƙare Huddleston ya amince ya sayar da gonar ga wasu attajiran Little Rock a kan dala 36,000, kuɗi mai yawa a wancan zamani.

A nan akwai bambancin doka da ya kamata a lura da shi. A Najeriya, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 da kuma dokar ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa gwamnatin tarayya duk wani ma'adini da ke ƙarƙashin ƙasa, ko da a gonar mutum yake. Haka ma a Jamhuriyar Nijar, arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A Amurka kuwa, mai fili kan iya mallakar abin da ke ƙarƙashin filinsa, ya sayar ko ya ba da haya. Shi ya sa Huddleston ya sami abin sayarwa, shi ya sa kuma daga baya sai da gwamnatin jihar ta sa kuɗi ta sayi wurin kamar kowa.

Labari ya bazu, mutane suka yi ta kwarara zuwa Murfreesboro. Har an yanka filaye an kafa sabon gari a kusa, aka sa masa suna Kimberly, da fatan zai bi sawun takwaransa na Afirka ta Kudu. Garin bai yi ƙarko ba.

Shi ma Huddleston bai mutu da arzikin ba. Ya rasu a shekarar 1941, bayan yawancin dukiyar ta salwanta, aka binne shi 'yan kilomitoci kaɗan daga filin.

Kamfanoni sun sha ƙasa

Matsala ta farko ita ce ramin bai faɗa hannun mutum ɗaya ba. Babban kaso yana hannun kamfanin Arkansas Diamond, wanda attajiran suka kafa, wani yanki kuma yana gonar maƙwabcin Huddleston, wanda ya ba wasu dabam haya. Ɓangarorin biyu sun ɓata shekaru suna jayayya da kai juna ƙara. A watan Janairun 1919 gobara ta cinye injinan wanke ƙasa na ɗaya daga cikinsu, kuma an yi zargin cewa da gangan aka sa wutar.

Duk da haka an sami abin nunawa. A shekarar 1924 wani ma'aikaci ya tsinci lu'u-lu'u mai nauyin karat 40.23, wanda har yau babu wanda ya kai shi girma a cikin waɗanda aka samu a Amurka. An sa masa suna Uncle Sam, laƙabin ma'aikacin da ya gan shi. Bayan an feƙe shi an goge ya koma karat 12.42, kuma yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington.

Amma kamfani ba ya rayuwa da dutse ɗaya. Lissafin mahaƙa shi ne karat nawa ake samu a cikin kowane tan 100 na dutse, da kuma ko kuɗin da za a sayar da su zai biya haƙa da niƙa da wankewa da albashi. Da aka gama kwashe ƙasar sama, wadda zaizaya ta riga ta tace, aka shiga ainihin dutsen, sai lissafin ya ƙi fita. Ga shi kuma yawancin lu'u-lu'un ƙanana ne.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana'antun Amurka ke matuƙar buƙatar lu'u-lu'u domin yankan ƙarfe da haƙa, hukumar ma'adinai ta tarayya ta zo ta yi nata gwajin. Ita ma ta kammala da cewa abin da ke wurin bai isa a kafa mahaƙa a kansa ba. Bayan yaƙin, attajirin nan mai ƙera jiragen sama, Glenn Martin, ya zuba nasa kuɗin, ya janye ba da daɗewa ba.

A garin an daɗe ana raɗe-raɗin cewa manyan dillalan lu'u-lu'u na duniya ne suka yi wa wurin zagon ƙasa don kada ya karya musu farashi. Labari ne mai daɗin ji, amma gwaje-gwajen da aka yi ta maimaitawa, hannu daban-daban, a zamani daban-daban, duk sakamako ɗaya suka bayar.

Wanda ya ci moriyar inda ribar take shi ne Howard Millar, ɗaya daga cikin waɗanda suka sha wahalar haƙar. A shekarar 1952 ya buɗe nasa yankin ga 'yan yawon buɗe ido, su biya su shiga su nema da kansu, kuma shi ne ya yayata sunan Crater of Diamonds. A 1956 wata mata daga jihar Texas ta tsinci mai karat 15.33, wanda aka sa wa suna Star of Arkansas. Jaridu suka ɗauka, masu zuwa suka ƙaru.

A 1972 gwamnatin jihar ta sayi dukkan wurin a kan dala 750,000, ta mayar da shi gandun jama'a, ta kuma ci gaba da tsarin da ta tarar: a biya a ƙofa, a tafi da abin da aka samu.

Yadda ake nema

Hanyoyi uku ne masu nema ke bi.

Mafi sauƙi ita ce mutum ya bi kunya yana tafiya a hankali, idonsa a ƙasa, yana jiran ƙyalli. Wannan ta fi amfani idan rana ta fito bayan ruwan sama mai ƙarfi. Dalili kuwa shi ne jikin lu'u-lu'u yana da santsi kamar an shafa masa mai, laka ba ta manne masa. Idan ruwa ya wanke kunya, sauran duwatsu kan kasance da dauɗa, shi kuwa ya fito fes. Da yawa daga cikin manyan da aka samu, a haka aka gan su, kwance a sarari. Huɗar da tarakta ke yi ma don wannan ne: ta juyo da sabuwar ƙasa sama, ruwa ya ƙarasa aikin.

Ta biyu ita ce tankaɗe busasshiyar ƙasa a rariya, a duba tsakuwar da ta rage.

Ta uku, wadda ƙwararru suka fi dogara da ita, ita ce wanki. Hukuma ta gina rumfuna da kwatamin ruwa domin haka. Mai nema kan haƙo tsakuwa daga inda ruwa ya saba tara ta, ya zuba a rariya biyu, mai manyan ido a sama, mai ƙanana a ƙasa, ya wanke lakar. Daga nan sai ya riƙa girgiza ƙaramar rariyar a cikin ruwa yana jujjuya ta.

Duk wadda ta taɓa rege shinkafa a ƙwarya ta san abin da ke faruwa: mai nauyi ne ke kwantawa a ƙasa. Lu'u-lu'u ya ninka nauyin ruwa sau 3 da rabi, ita kuwa farar ƙanƙara, wadda ta fi yawa a tsakuwar, ba ta kai sau 3 ba. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa lu'u-lu'u da sauran ma'adinai masu nauyi su taru a gindin rariyar, a tsakiya. Sai a kifar da rariyar a kan tebur a lokaci ɗaya, kamar mai juye malmalar tuwo, abin da ke ƙasa ya dawo sama. A tsakiyar tarin ake zuba ido. Tsofaffin hannu kan yi amfani da wata zagayayyar rariya mai ɗan zurfi da ake kira saruka, wadda aka aro daga masu haƙa na Brazil.

Sabon zuwa yakan yi kuskure ne saboda yana neman abin da ya saba gani a zobe, mai kusurwoyi da walƙiya. Ɗanyen lu'u-lu'un Arkansas ba haka yake ba. Yawanci mulmulalle ne, mai sulɓi, da ƙyalli irin na ƙarfe. Ana iya ganin cikinsa, amma ba a hango abin da ke bayansa. Launukansa uku ne: fari ya fi yawa, sai ruwan ƙasa, sai rawaya.

Akwai ƙa'idoji. Ba a shiga da duk wata na'ura mai aiki da inji ko batir. Wanda ya haƙa rami sai ya cike shi kafin ya tafi. Waɗannan sharuɗɗa ne ke hana wani mai ƙarfi ya zo ya kwashe rabon kowa, kuma su ne suka sa filin bai ƙare ba, domin abin da dubban mutane ke juyawa da shebur a shekara bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da injin kamfani zai cinye.

Abin da ake samu

Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Matsakaicin lu'u-lu'un da ake samu a filin bai wuce rubu'in karat ba, wato kamar kan ashana. Hukumar gandun ta ce a matsakaici ana samun ɗaya ko biyu a rana, alhali masu zuwa a shekara sun haura 100,000. Ke nan mafi yawan mutane da laka kawai suke komawa gida.

Ba lallai su koma hannu rabbana ba. Filin yana da wasu duwatsun ado, irin su ametis mai launin shunayya, da ganet ja, da jasfa mai launuka iri-iri. Masu sha'awar tara duwatsu, waɗanda ke da ƙungiyoyi a kusan kowace jiha ta Amurka, sukan zo domin waɗannan ma. Ma'aikatan gandun kan duba duk abin da aka kawo musu kyauta, su faɗi ko menene. Idan lu'u-lu'u ne su auna shi, su rubuta shi a rajista, su ba mai shi kati. Abin da ba sa yi shi ne yi masa kuɗi.

Lokaci-lokaci kuma sai babba ya fito. Mafi girma tun da wurin ya koma hannun gwamnati shi ne Amarillo Starlight, mai karat 16.37, wanda aka samu a 1975. A 2015 wata mata daga jihar Colorado ta sami fari mai karat 8.52, aka sa masa suna Esperanza. A 2017 wani yaro ɗan shekara 14 ya tsinci mai karat 7.44. A watan Satumban 2020 wani mutum ya ɗauki wani dutse mai ruwan ƙasa ya jefa a jaka yana zaton kwalba ce, sai da ma'aikata suka duba aka ga lu'u-lu'u ne mai karat 9.07. A watan Janairun 2024 wani baƙo daga Faransa ya sami mai karat 7.46.

Wanda masana suka fi yabawa bai kai waɗannan girma ba. Wata mata 'yar garin ce ta same shi a 1990, yana da karat 3.03. Bayan an feƙe shi ya koma 1.09, kuma a 1998 ƙungiyar masana duwatsu masu daraja ta Amurka ta ba shi matsayi mafi girma da take bayarwa ta fuskar launi da tsabta da kyawun fiƙa. Jihar ta saye shi da taimakon gudummawar jama'a, kuma ana nuna shi a gandun da sunan Strawn-Wagner.

Wani mai launin rawaya, Kahn Canary, mai karat 4.25, wanda aka bar shi yadda aka same shi a 1977 ba a feƙe ba, shi ne Hillary Clinton ta sa a zobe a bikin rantsar da mijinta Bill Clinton, tsohon gwamnan jihar, a matsayin shugaban ƙasa a 1993. Jihar dai ta rungumi dutsen sosai: siffarsa ce a tsakiyar tutarta tun 1913, kuma hotonsa na jikin kwabon da aka buga da sunanta a 2003.

Da yake lu'u-lu'un Arkansas ba shi da yawa, masu tarawa kan saye shi da tsada fiye da irinsa na wata ƙasa. Wannan ya buɗe ƙofar zamba. A wajajen 2008 an zargi wani mutum da sayo lu'u-lu'u masu araha daga Indiya, ya shiga da su filin a ɓoye, ya fito ya ce a nan ya tsince su, domin ya sami katin hukuma ya sayar da riba. Wasu masu sa ido a harkar ne suka gano shi, bayan sun kwatanta hotunan duwatsun da na dillalin da ya sayar masa.

Takaddama a kotu

Mafarkin kafa mahaƙa bai mutu ba ko bayan 1972. A 1987, zamanin da Bill Clinton ke gwamna, majalisar jihar ta yi dokar da ta buɗe hanyar bincika ko za a iya haƙar kasuwanci a gandun. Kamfanoni huɗu suka haɗa kuɗi domin gwajin, aka fara huda ƙasa a 1990.

Masu goyon baya sun ce yankin na talakawa ne, yana buƙatar ayyukan yi, kuma jihar za ta sami kuɗin shiga. Masu adawa, ciki har da ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club, sun ce wuri ne da aka saya da kuɗin jama'a domin jama'a, kuma idan kamfani ya shiga, cikin 'yan shekaru zai kwashe abin da ke ciki ya bar wa garin rami. Suka garzaya kotu, aka dakatar da aikin. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba da damar a ci gaba.

Hudar ta nuna siffar ramin a ƙarƙashin ƙasa, ta tabbatar da cewa mazurari ne mai tsukewa. Daga baya, a 1996 da 1997, aka haƙo dubban tan na dutse aka wanke. Sakamakon bai bambanta da na shekarun baya ba: lu'u-lu'un bai isa ba. Kamfanonin suka tattara kayansu.

Masu adawa sun sha kaye a kotu, amma talaucin dutsen ya ba su abin da suka nema. Da gwajin ya nuna arziki, da wuya a ce filin yana nan a buɗe yau. Abin da ya rage shi ne garin Murfreesboro, mai mutum ƙasa da 2,000, wanda masaukansa da gidajen abincinsa da shagunan hayar rariya ke ci daga masu zuwa nema.

Ba ko'ina ake barin a ɗauka ba

Tsarin Arkansas bai zama ruwan dare a filayen gwamnati na Amurka ba. Kowane fili da hukumar da ke kula da shi, da kuma dokarta.

A manyan gandayen ƙasa na tarayya haramun ne a ɗauki ko da tsakuwa. A gandun Petrified Forest na jihar Arizona, inda tsofaffin itatuwa suka rikiɗe suka zama dutse, hukuma na da tarin duwatsun da waɗanda suka sata suka mayar ta gidan waya, wasu haɗe da wasiƙun neman gafara. Ba a iya mayar da su cikin gandun, domin ba a san ainihin inda aka ɗauke su ba, kuma dutsen da ya bar mazauninsa ya rasa amfaninsa ga mai bincike.

A yawancin filayen da hukumar kula da filaye ta tarayya ke riƙe da su, galibi a yammacin ƙasar, an yarda mutum ya ɗebi daidai gwargwado domin amfanin kansa, da kayan aikin hannu, ban da sayarwa. Ga icen da ya zama dutse an ma ƙayyade adadi: fam 25 da guntu ɗaya a rana, kada ya wuce fam 250 a shekara.

A irin waɗannan filaye ne wani ramin aman wuta yake, Kilbourne Hole, a hamadar kudancin jihar New Mexico. Shi rami ne na zahiri, wanda ya samu lokacin da narkakken dutse ya haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururi ya fashe. Masu tara duwatsu sun daɗe da saninsa saboda wasu baƙaƙen curarrun duwatsu da idan aka fasa su ake samun zabarjadi kore a ciki, wanda shi ma daga can ƙasa mai nisa aman wutar ya ɗauko shi. 'Yan sama jannatin shirin Apollo sun yi atisaye a wurin kafin tafiyarsu duniyar wata. A 2014 shugaba Barack Obama ya sanya shi cikin wani yanki da aka ba kariya ta musamman.

A Arkansas ma, cewa abin da mutum ya tsinta nasa ne bai raba shi da hukuma ɗungurungum ba. A dokar harajin tarayya, dukiyar da aka tsinta kuɗin shiga ce, kuma ana sa ran mai ita ya bayyana ta.

Akwai kuma wata dama da gandun ke bai wa wanda rana ta faɗi bai ga komai ba. An hana fita da ƙasar da ba a tace ba, amma kowane mutum na iya tafiya da tsakuwar da ya wanke, har cikin bokiti mai galan 5 a rana. Wasu kan shanya ta a gida, su zauna su bi ta ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila, kuma da dama daga cikin lu'u-lu'un da ke rajistar gandun a haka aka gano su, masu su suka dawo da su daga baya domin a auna.